Holy Loch: Tsattsarkan Ruwa a Ƙasar Sikotilan

A yammacin ƙasar Sikotilan teku yakan kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu, kamar yatsun hannu. Tun zamanin da ƙanƙara ta rufe ƙasar ne ta yi ta gangarowa tana haƙa kwaruruwa masu zurfi. Da ta narke, sai ruwan gishiri ya cika su. Mutanen wurin suna kiran irin wannan ruwa loch.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Holy Loch, wato Tsattsarkan Ruwa, kusa da garin Dunoon. Ba shi da girma. Tsawonsa bai wuce mil 3 ba, faɗinsa kuwa wajen mil 1. Amma yana da zurfi, duwatsu kuma sun kare shi daga iska.

An ce ya sami sunansa ne daga wani mai bishara, Munnu, mutumin Ailan, wanda ya rasu a shekara ta 635. Ƙauyen Kilmun da ke bakin ruwan yana ɗauke da sunansa. A 1442 shugaban zuriyar Campbell ya kafa majami'a a can. Kusa da ita aka binne Elizabeth Blackwell a 1910, mace ta fari da ta sami digirin likita a Amurka.

To, zurfin nan da mafakar nan su ne suka jawo mayaƙa. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Ingila masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun zauna a wurin. A 1961 Amurka ta kawo nata, ɗauke da makaman ƙare-dangi. Mutane da yawa suka yi zanga-zanga, waɗansu kuwa suka yi murna saboda ciniki ya buɗe. Shekara 31 ana haka. A 1992 Amurkawa suka kwashe kayansu suka tafi, masu kantuna da direbobin tasi na Dunoon suka shiga wahala ƙwarai.

Yau ƙananan jiragen shaƙatawa ne ke yawo a ruwan. Jiragen yaƙi sun tafi, amma tsohuwar hasumiyar majami'ar Kilmun tana nan tsaye. Ƙarfin ɗan Adam baƙo ne, yakan kwana ya wuce. Iyaye, ku karanta wa yaranku Ishaya 2:4 a daren yau, ku yi addu'a tare domin salamar duniya.