Sunan wa za a rubuta a bangon ɗakin karatu?

Hausa tana da kalmomi da yawa na bayarwa, kuma kowace da nata hali. Kyauta tana son tukuici. Gudummawa bashi ce da ba a rubutawa: ka kai a bikin wani, ranar naka a kawo maka. Sadaka kuwa ba ta son a gan ta, ladanta yana wajen Allah. Tun da na fara karatun kimiyyar harshe nake lura cewa gardamar da muke yi kan kuɗin gina ɗakin karatu, tushenta a nan yake. Mai tara kuɗin yana cewa sadaka, mai bayarwa yana jin gudummawa, shi ya sa idan ba a ambaci sunansa ba sai ransa ya ɓaci.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Andrew Carnegie, ɗan Sikotilan da ya yi arziki da ƙarfe a Amurka, ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929. Na farko a garinsu Dunfermline aka buɗe shi. Bai sa sharaɗin a rubuta sunansa ba. Sharaɗinsa shi ne garin ya ba da fili, ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi, kuma kowa ya shiga ba tare da biyan ko sisi ba. A 2008 kuma wani attajiri, Stephen Schwarzman, ya ba babban ɗakin karatu na birnin New York dalar Amurka miliyan 100. Ginin nan mai zakuna biyu na dutse a ƙofa, wanda aka buɗe tun 1911, sai aka raɗa masa sunan attajirin, aka sassaƙa shi a wuri biyar a jikin bango. Mutane suka yi ta ƙorafi: wurin jama'a ne, ta yaya mutum ɗaya zai sayi sunansa?

To mu nan, yaya muke yi? Duk wanda ya taɓa zuwa taron neman taimako ya sani. A kafa rumfa, a jera kujeru, a ba mai sanarwa lasifika. Alhaji wane ya ba da miliyan ɗaya, a tafa, maroƙi ya wasa shi har kakanninsa. Wani ya ji haushi ya ce miliyan biyu. Bayan wata uku, masu kwamiti suna yawo ƙofa-ƙofa, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya. Ita kuwa mai ƙosan da ta kwance bakin zane ta miƙa dala ashirin, kuɗinta ya shiga asusu tun ranar, amma ba wanda ya ji sunanta.

Na taɓa tambayar kakata ko za ta so a rubuta sunanta in ta ba da wani abu. Ta ce: «Kai yaro, abin da aka yi don Allah, mene ne na allo?» Sai ta yi shiru, ta ƙara da cewa: «Amma in jikokina za su gani, ba laifi.» Ina ganin yawancinmu haka muke. Muna tsoron riya, kuma muna son a san mun taɓa yin wani abin kirki. Malamai ma sun ce boye sadaka ya fi, amma bayyana ta halal ne idan za ta zaburar da wasu.

Cewa tana zaburarwa kuwa an gani. A 1885 kuɗin gina dandamalin gunkin ƴanci na New York ya gagara. Joseph Pulitzer ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da wani abu a jaridarsa, komai ƙanƙantarsa. Mutum fiye da 120,000 suka aiko, akasarinsu ƙasa da dala guda ta Amurka, aka tara sama da 100,000. Talaka ma yana son ganin sunansa, ba a dai saba nuna masa ba ne.

Don haka ga abin da nake gani, ƴan'uwa ɗalibai, idan aka tashi gina ɗakin karatu a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. A rubuta sunayen kowa da kowa, girman harafi ɗaya, a jere bisa tsarin abacada, ba a sa adadin kuɗi a gefe. A rubuta da boko da ajami, don tsohon da ya yi makarantar allo ya iya karanta nasa. Magini da ya yi kwana uku bai karɓi lada ba, da mai amalanken da ya kawo yashi, su ma su shiga. Wanda ya ce a sakaya shi, a sakaya. Alkawari kuwa ba ya hawa bango sai ya zama kuɗi a hannu. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a manna shi a ƙofa duk wata.

Sunan ginin kansa, ni ba na son a sayar da shi. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi, aikin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili da aka kammala a 2018. Sunan wurin Hikma. Kowane yaro na garin zai iya cewa nasa ne.

Sannan kada mu manta sharaɗin Carnegie. Bango kowa yana son sa hannu a ciki, don ana ganinsa. Albashin mai kula da littattafai, kuɗin lantarki, maganin gara, sabbin littattafan Hausa, Zabarmanci da Faransanci, waɗannan ba su da allon suna. Kafin a aza tubalin farko, mu tambayi magajin gari da kwamiti wa zai biya su a shekara ta biyar, kuma a ba mu amsar a rubuce.