Ƙafar da Ke Hana Mai Wankin Ƙoda Runtsawa

Idan a gidanki akwai mai zuwa wankin ƙoda, wataƙila kin san wannan wahala: da an yi sallar isha'i ya kwanta, sai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ji yake kamar kiyashi na yawo cikin ɓargonsa. In ya tashi ya taka abin ya lafa, in ya koma shimfiɗa ya dawo.

A ajinmu na matan aure akwai wata baiwar Allah da ke jinyar maigidanta. Dangi sun ce iska ce, wasu suka ce sammu, har aka fara kawo jiƙe-jiƙe. Addu'a kam ban hana ta ba, mu ne masu koyar da ita. Jiƙon na hana, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya tace shi. Wannan ciwo sananne ne wurin likitoci, yana yawan kama masu wankin ƙoda, kuma sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba mu raina zancen ƙoda. Tun 2010 da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma muka ji cewa dalma tana cin ƙoda sannu a hankali.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, babban sauƙin ba saye ake yi ba. Likitocin gashin ƙashi suna koyar da miƙa ƙafa: ya dafa bango, ya ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, har ya ji sharaɓa ta miƙe, sannan ya canja. Ki gasa masa da ruwan ɗumi kafin barci, ki mammatsa. In yana da ciwon suga, ke za ki fara taɓa ruwan. A wasu asibitoci majiyyaci yana tuƙa ɗan keke daga kwance, cikin awa huɗun da na'ura ke aiki, kuma yana rage abin sosai.

Shayi da goro da yamma, a haƙura. Maganin mura mai sa barci ma yana ƙara tayar da shi. Ranar wanki ki faɗa wa likita, ki roƙi a auna ƙarfen jininsa, kada ki saya a kemis. Tafiyar Gummi zuwa Sakkwato kuwa zaman mota ne mai tsawo. Duk inda direba ya tsaya, ki sa ya sauka ya ɗan taka.