Dara a Cikin Na'urar Lissafi

A hutun da ya wuce wata ƙanwarmu ta kawo mana ƙarar ɗanta. Ta ce tun da aka saya masa na'urar lissafi mai zane, irin wadda ƴan lise ke zuwa da ita aji, yaro ya daina barci. Sai ka gan shi cikin dare da tocila a baki yana danne-danne, in an tambaye shi ya ce wai wasa yake koya wa injin. "Yaya, ku yi masa faɗa," in ji ta, "ku ne kuka yi boko mai zurfi, zai ji maganarku." Muka dubi juna muka yi shiru, don ba ta san cewa ta kai ƙarar ɓarawo gidan sarkin ɓarayi ba.

Mu uku ne. A kakar shekarar 1997 muka sauka a birnin Lil na arewacin Faransa da kuɗin burs, ɗaya daga Damagaram, shi ne babbanmu, ɗaya daga Maraɗi, ƙaraminmu kuma daga Tawa. A makon farko aka ce darasin lissafi yana bukatar na'ura mai zana layin alƙaluma. Da muka juya farashinta zuwa sefa sai gabanmu ya faɗi, don tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100. Muka haɗa kuɗi muka sayi guda ɗaya tak, TI-83 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ta fito a 1996, muka riƙa karɓa-karɓa.

Bari mu kwatanta muku ita, don ku san ƙanƙantar filin da aka yi wannan noma. Gilashinta ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye, baƙi da fari, yana ɗaukar layi 8 na rubutu, kowane layi harafi 16. Ƙwaƙwalwarta ita ce Z80, wadda aka ƙera tun 1976. Rumbun ajiyarta kuwa bai fi gurbin harafi 27,000 ba, hoto ɗaya na wayar da ke aljihunku yanzu ba zai shiga ciki ba. Ƙananan batir huɗu take ci. Amma akwai wani maɓalli a jikinta wanda in ka danna sai ta buɗe maka shafi fari, ta jira ka rubuta mata jerin umarni, abin da yau ake kira manhaja, cikin wani sauƙaƙan harshe mai suna BASIC. Ba mu taɓa mallakar kwamfuta ba. Wannan ce ta farko da ta saurari maganarmu.

Manhajarmu ta fari layi huɗu ce. Kana ba ta farashi da faran, tana gaya maka dala nawa ne, don mu da dala muke ƙirga kuɗi tun muna yara, kuma faran ɗaya dala 20 ne. Abin dariya ne, amma ranar da ta amsa daidai, babbanmu ya tashi ya zaga ɗaki sau biyu kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Da sanyi ya shigo, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, sai kewar gida ta kama mu. Ɗan Tawa ya ce shi ba abin da yake tunawa kamar tsofaffin da ke dara a ƙarƙashin bedi a ƙofar gidansu. Nan take muka ce sai mun sa dara cikin injin. Kun san yadda take: gida 30, jeri biyar na gida shida-shida, kowa da ƴaƴa 12, wani kara wani dutse. In an gama zubawa sai a shiga tafiya gida ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. Duk yaro ya san wannan. Amma da muka zo faɗa wa injin sai muka gane ba mu taɓa sanin dokokin ba, yi kawai muke. Me ake nufi da jera uku? In sun zama huɗu fa? In mutum ba shi da wurin motsi fa? Injin ba ya cewa "ai ka gane". Duk abin da ba ka faɗa masa dalla-dalla ba, babu shi. Har gardama ta tashi tsakanin Maraɗi da Damagaram a kan wata doka, sai da aka aika wasiƙa gida aka tambayi wani kawu.

Zana gidajen bai yi wuya ba. Wahalar ta zo da muka so injin ya yi wasa da kansa. Mun sa shi ya gwada kowane motsi, bayan kowane gwaji ya bi gida 30 ɗin nan kaf yana neman jerin uku. Sai ya zama in ka yi motsi, kana iya ɗora shayi ya tafasa, a sha na fari, kafin ya ba da amsa. Mun kwana biyu muna zagin injin da nawa, kafin ɗan Maraɗi ya lura cewa nawar tamu ce. In ɗa guda ya motsa, jerinsa na kwance da na tsaye kaɗai ke iya canjawa, to me ya sa ake bin sauran gidajen? Da muka gyara wannan, lokacin ya ragu ƙwarai. Daga baya a aji muka ji malamai suna ba wannan irin tunani manyan sunaye, amma mu shayin da ya huce ne ya koya mana. Haka kuma ƙarancin rumbu ya koya mana tattali. Mun gano cewa injin yana yafe alamar rufe baka a ƙarshen layi, sai muka bi muka share su duka, kowace ɗaya gurbi ɗaya ce, kamar mai tsince hatsi a masussuka.

A cikin haka wani Bafaranshe ɗan ajinmu ya nuna mana cewa ba mu kaɗai ne mahaukatan ba. A gindin na'urar akwai ɗan rami da ake soka igiya, a haɗa biyu, manhaja ta ƙaura daga wannan zuwa waccan. Ya zuba mana wasannin da ke gudu kamar walƙiya, ya ce ƴan makaranta ne irinmu suka rubuta su a Amurka da Suwidin da Faransa, suna raba su kyauta ta intanet. Su ba da BASIC suke rubutu ba, da harshen inji suke yi, wanda ke magana da ƙwaƙwalwar kai tsaye. Ya ba mu labarin mafarin abin. TI-85 da ta fito a 1992 ba a yi ta don a rubuta mata harshen inji ba. A 1994 wasu matasa, cikinsu da Dan Eble da Magnus Hagander, suka gano cewa in an kwafe ajiyar na'urar zuwa kwamfuta aka ɗan sauya ta aka mayar, ana iya sa ta bin umarnin da mai ita ya rubuta. Suka kira abin da suka yi ZShell. Kamfanin ya ga yawan masu sha'awa, shi ya sa a TI-83 tamu ya bar ƙofar a buɗe. Abokin nan ya ce mu ba shi darar tamu ya gwada. Muka hana. Muka ce sai mun gama ta tsaf, kada Turawa su yi mana dariya.

To, ga inda dara ta ci gida. Jarrabawar watan Janairu ta matso, mu kuwa wata uku mun ba dara dare, mun ba karatu saura. Wanda injin ya faɗo hannunsa ranar jarrabawar kimiyyar fizik, ba za mu faɗi ko wane ne ba don duka mun sani kuma duka mun yarda, sai ya buɗe sabon shafin manhaja ya cika shi da ƙa'idojin da bai haddace ba. Kafin a raba takardu, malamin da ke tsaron ɗakin ya bi tebur-tebur yana duba na'urori. Ya ɗauki tamu, ya buɗe jerin sunaye, ya ga DALA, ya ga DARA, ya ga na uku, ya buɗe shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, hanya biyu ce: ko ya rubuta rahoto, ko a share rumbun gaba ɗaya yanzu a gabansa.

Rahoto yana nufin zaman ladabtarwa, kuma wanda aka kama da satar amsa yana iya rasa burs. Rasa burs kuwa yana nufin komawa gida da akwati da kunya, gaban uban da ya sayar da bijimi ya sayi rigar sanyi. "Mushe, a share," in ji namu. Danna uku ko huɗu, aikin wata uku ya tafi. Ba mu da kwafi a ko'ina, don mun hana kowa. A kaye kuwa kusan rabi kawai muka rubuta, shi ma tsohon zubi ne.

Daren nan ba wanda ya ci tuwon semul ɗin da aka tuƙa. Babbanmu ne ya fara magana, ya ce malamin nan ya yi mana sutura, kuma laifi biyu muka yi: mun so cin abin da ba mu noma ba, kuma mun yi rowar abin da muka noma. Ƙaraminmu ya ce, "Yaya, to a sake." Muka yi alkawari ba mai taɓa dara sai ranar Asabar da Lahadi. Abin mamaki, cikin makonni kaɗan ta dawo, kuma ta fi ta da ƙanƙanta da sauri, don abin da aka share yana rumbun injin ne, wanda ke kanmu ba a taɓa shi ba. A wannan karo, ranar da ta fara aiki muka kai wa abokinmu ya soka igiya. Bayan wata biyu ta dawo mana daga hannun wani ɗalibi da ba mu sani ba, an gyara wani kuskure da ke sa injin ya ci ɗa in ya jera huɗu, an kuma bar sunayenmu a layin farko yadda muka rubuta su.

Wannan ja-in-ja tsakanin mai son buɗe injin da mai tsaron jarrabawa, da muka gani a ɗaki ɗaya, ita ce ta bi tarihin abin har yau. A 2009 wani mai sha'awa, Benjamin Moody, ya bar kwamfutarsa ta gida tana lissafi kwana 73 har ta warware mabuɗin sirrin da ke hana TI-83 Plus karɓar tsarin aiki in ba na kamfanin ba. Lauyoyin kamfanin suka aika wa waɗanda suka yaɗa mabuɗin takardun gargaɗi, ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da na'urori ta tsaya musu. A Faransa hukuma ta wajabta wani tsari na ranar jarrabawa, wanda ya fara aiki a 2020: ana kulle ajiyar na'urar na ɗan lokaci, wata ƴar fitila tana ƙyaftawa don mai tsaro ya gani daga nesa. Da akwai wannan a zamaninmu, da darar farko ba ta mutu ba. A shekarar 2020 ɗin dai kamfanin ya cire damar harshen inji daga sabbin na'urorinsa masu launi, ya ce don kare jarrabawa ne, ya tura ɗalibai ga harshen Python. Kafin shekarar ta ƙare masu sha'awa suka sake samo wata kafa. Mu da muka tsaya a gefe biyu na wannan magana, ba mu iya cewa malamai ba su da gaskiya. Amma mun san abin da ƙofar nan ta ba mu. Ɗaya cikinmu da rubutun manhaja yake ciyar da iyalinsa yau, ɗaya kuma malamin lissafi ne, yana bin tebur-tebur yana duba na'urorin yara.

Shi ya sa da aka kawo mana yaron nan ba mu yi masa faɗa ba. Mun ce ya nuna mana. Wani maciji ne ke yawo a gilashi yana cin ɗigo yana ƙara tsawo, amma in ya kai bango na dama sai injin ya tsaya. Muka tambaye shi me ya sa. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsa, ya ce, "Kawu, na ba shi gida ɗaya fiye da faɗin gilashin." Ba mu ne muka gaya masa ba. Wayar da ke hannun ƙannensa ta fi wannan injin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shekara nawa suna shafa ta ba ta taɓa sa ɗayansu ya ƙirga wani abu da yatsa ba.

Mun kafa masa sharuɗɗa uku a gaban uwarsa. Ƙarfe goma ya kashe tocila. Kada ya kuskura ya ɓoye amsa a ciki, mun ba shi labarin Lil daga farko har ƙarshe, abin da ko iyayenmu ba mu taɓa faɗa wa ba. Kuma duk abin da ya rubuta ya ba abokinsa kwafi tun bai gama ba. Ku ma iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa kan irin wannan na'ura, kafin ku ƙwace, ku zauna ku ce ya nuna muku abin da ya koya mata. Yanzu haka namu yana can yana fama da gida 30 da ƴaƴa 24, kuma ya riga ya buga wa kakansa waya yana tambayar hukuncin wanda ya jera huɗu. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya sa mu dace. Sai wani watan in muna da rai.