Nihombashi, Unguwar Ƴan Kasuwar Tokiyo

Mai karatu, in ka tsaya bisa gadar Nihombashi, a tsakiyar birnin Tokiyo, ka ɗaga kai, ba za ka ga sama ba. Wata babbar hanyar motoci ce ta rufe gadar kamar murfin tukunya. Amma a wannan wuri ne kasuwancin ƙasar Japan ya yi wayo.

An fara gina gadar da katako a 1603, sa'ad da ake kiran birnin Edo. Daga nan manyan hanyoyi biyar na ƙasar suke tashi, har yau kuma a tsakiyarta alamar mafarin hanyoyi take. Masunta suka kafa kasuwar kifi a bakin kogin, fatake suka biyo su.

A 1673, Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin tufafi mai suna Echigoya. A wancan zamani manyan kantuna kan kai kaya gidajen masu hali bisa bashi, farashi kuwa sai an dubi fuskar mai saye. Kantin Mitsui ya zo da sabuwar ƙa'ida: kuɗi hannu, farashi ɗaya ga kowa, a kuma yanka wa mutum daidai abin da yake bukata. Abokan sana'a suka yi masa ca, jama'a kuwa suka cika kantin. Shi ne ya zama Mitsukoshi, wanda ke nan a unguwar har yanzu.

Girgizar ƙasar 1923 ta haddasa gobarar da ta cinye unguwar, kasuwar kifi ta koma Tsukiji. Gadar dutse da aka gina a 1911 ta tsira, ta sake tsira daga ruwan bama-baman 1945. Abin da wuta ta bari, gaggawa ta binne: a 1963, ana shirin wasannin Olimpik na 1964, hukuma ta ɗora hanyar nan bisa kogin, tun da bin ruwa ya fi sayen filayen mutane sauri da araha.

Yau ana aikin mayar da hanyar ƙarƙashin ƙasa, a kan kimanin miliyar 320 na yen, ana sa ran sauke ta sama a 2040. Ƙa'idar ɗan kasuwa ɗaya ta haura shekara 300 tana ciyar da unguwa. Shawarar da ma'aikata suka yanke cikin hanzari kuwa, jikoki ne ke biyan kuɗin warware ta.