Yunwar marka tun kaka ake sayenta

 Ga kaka ta shigo. Duk wanda ya bi hanyar Dayi zuwa Malumfashi a kwanakin nan zai ga masara a shanye, ana casar waken soya, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Ranar sujadar godiyar kaka gaban majami'a zai cika da dammuna da buhuna, mu yi waƙa mu yi rawa. Maganarmu ta yau a kan abin da ke biyowa baya ne, bayan an tashi kowa ya koma gida da amfaninsa.

Bari mu fara da kanmu. A shekararmu ta biyu da fitowa daga makarantar tauhidi, hatsin da muka noma da wanda ikilisiya ta ba mu ya kai buhu 10. Gani muke ba zai taɓa ƙarewa ba. Kirsimeti ta matso, ga ɗinkin yara, ga bikin wata ƙanwarmu, ga babur da muka daɗe muna marmari. Muka sayar da buhu 7 a daidai lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa, farashi na ƙasa. Sauran ukun muka ɗure su ba su gama bushewa ba, muka jingine da bango. Kafin watan Mayu ɗaya ya yi fumfuna, ƙwari sun mai da rabin wani gari. Da marka ta zauna a watan Agusta, mu da muke tsayawa gaban jama'a muna wa'azin tanadin Allah, sai ga mu muna aika yaro ya karɓo bashin tiya ɗaya wurin mai awo. Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ta lura. Ta kawo mana dawa da dare a lulluɓe don kada kowa ya gani, ta ce, "Fasto, Allah ya ba ku, ku ne ba ku ƙirga ba."

Har yau ba mu manta da wannan magana ba, domin ƙirgan ba wuya gare shi ba. Buhu yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Gidan da ke cin tiya ɗaya kullum yana bukatar tiya 365 a shekara, wato buhu 9 da ɗoriya. Mai cin rabin tiya, buhu 5 ya ishe shi har da na baƙo. Mutum ya zauna da matarsa, ita ce ta san abin da ake tuƙawa, su fitar da na ci, su fitar da iri, su fitar da zakka. Abin da ya rage shi ne na kasuwa. Shi ma kada a kwashe shi rana ɗaya: a raba, na kuɗin makaranta a Janairu, na zangon Afrilu, na taki idan damina ta gabato. Gaskiya ne wata shekarar farashi ba ya tashi, har yakan faɗi, amma hatsin da aka ajiye domin bakin yara bai taɓa zama asara ba.

Wannan shi ne abin da Yusufu ya yi a Farawa sura 41. Allah ne ya bayyana ma'anar mafarkin Fir'auna, amma Yusufu bai tsaya a fassara ba. Ya ba da shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, a tara a birane, a sa masu kula. Mu namu shekarun yunwar ba bakwai ba ne, watanni ne biyu ko uku, kuma mun san ranar zuwansu. Ba ma bukatar mafarki.

Sai dai ajiya tana da nata ilimi. Na farko shi ne bushewa. A shanya a kan tamfol ko daɓe mai tsabta. A ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a kwalba busasshiya, a rufe a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Fumfunar masara da gyaɗa tana iya haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta tana hana yara girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Abin da ya yi fumfuna kada a ce a wanke a niƙa, kada kuma a ba kaji.

Na biyu shi ne maganin ƙwari, a nan ne muke roƙonku ku saurara. Da yawanmu muna yayyafa fiya-fiya ko Sniper a cikin wake don kada ya huje. Maganin gona ne da na kashe ƙwari, ba a yi shi domin cikin mutum ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a ciki, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Waken da Bature ya ƙi karɓa, shi muke dafa wa 'ya'yanmu, ko mu sayar wa maƙwabci ya dafa wa nasa. Wanda ya ce yana ƙaunar maƙwabcinsa ya yi tunani a kan wannan.

Akwai hanyar da ba ta bukatar guba. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na waje. Ana cika shi, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Jarka mai tsabta ko durom mai murfi da ba ya shigar da iska ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi fal. A ɗora buhu kan katako nesa da bango, a kiyaye ɓera, kada a riƙa buɗewa kullum. In ledar ba ta huje ba, za ta sake aiki baɗi.

Tuwo kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a kawo firji: busasshiyar kuɓewa, kuka, karkashi, daddawa, barkono. Zogale a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye amfaninsa. Da rani, lokacin da tumatirin Danja ke cika kasuwa kwando ya yi araha, a saya a yanka a yi kauɗa, sai a huta da tsadarsa da damina. Waken soya da muke kwashewa duka mu sayar, a rage tiya kaɗan a gida domin awara, a kuma soya shi a niƙa tare da gero da gyaɗa domin kunun yaron da aka yaye. Mun sha ganin gidan da aka sayar da ƙwai aka sayo lemon kwalba da biskit. Ƙwai ɗaya a cikin yaro ya fi su. A rage gishiri da dunƙulen magi a miya, daddawa ta ɗauki wani ɓangare na aikin, domin hawan jini ya yi yawa a cikin dattawanmu.

Wani saurayi ya taɓa tambayarmu, ashe Yesu bai hana damuwa da gobe ba a Matiyu sura 6? Ashe bai kira mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya wawa ba a Luka sura 12? Tambaya ce mai kyau. Mu duba bambancin rumbunan nan biyu. Mai arzikin ya tara domin kansa kaɗai, bai ambaci Allah ba, bai ambaci kowa ba. Rumbun Yusufu kuwa buɗe shi aka yi da yunwa ta zo, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Dattijuwar da ta kawo mana dawa da dare ba mai kuɗi ba ce. Ta iya bayarwa a Agusta ne domin ta ƙirga a Nuwamba. A shekarun nan da wasu 'yan'uwanmu ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa saboda rashin tsaro, ikilisiya tana bukatar irinta da yawa.

Saboda haka, kafin buhu na farko ya fita daga gidanku bana, ku ɗauki littafi da biro ku zauna da iyayenku. Ku ne kuka yi makaranta, ku yi musu lissafin cikin ladabi. A cikin lissafin ku ware tiya kaɗan da sunan wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa da marka.

Ya Ubangiji, mai ba da ruwa da rana, mun gode maka domin amfanin bana. Ka gafarta mana inda muka yi almubazzaranci da kyautarka. Ka ba mu hikimar ajiya da zuciyar bayarwa, cikin sunan Yesu. Amin.