Farar Robar Da ’Yan Jari Bola Ke Tsallakewa A Tudun Wada

Tudun Wadar Zariya unguwa ce ta tsakiya. Daga kudu ganuwar birnin Zazzau ce da Ƙofar Doka, daga arewa kuma Kogin Kubanni ya raba ta da Sabon Gari. Turawan mulkin mallaka ne suka ware ta domin baƙin Arewa waɗanda ba ’yan asalin birni ba, sai ga shi ta zama matattarar ma’aikata da ɗalibai da majinyata. A kusa da nan Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, a nan tsohon mazaunin asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello yake kafin a koma Shika, ga kuma harabar Kongo a gefe. Duk inda mutane suka wuni nesa da murhun gidajensu, abincin sayarwa ne ke riƙe da su, shi kuwa abincin sayarwa sai da mazubi.

Da muna yara, mazubin nan kwano ne. Mai sayen shinkafa da wake kan zo da langarsa, mai jinya ya zo da kula, alale a gwangwani, tsire a takarda. Yau kuwa duk wanda ya taka da ƙafa daga Ƙofar Doka ya bi ta Agoro har gadar Kubanni, kamar yadda nakan yi idan na samu sarari, zai ga abin da ya gaje su: farar robar nan mai kama da soso da muke kira tekawe. Tana gaban masu abinci a jere kamar littattafai, tana cikin kwatami, tana maƙale a bakin kwalbati. In aka yi walimar aure ko saukar karatu, washegari layin kan wayi gari fari fat.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ’yan jari bola ke yi da ita. Waɗannan samari, da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a hannu, su ne ainihin ma’aikatan tsaftar garuruwanmu, ko da yake ba mu cika faɗa ba. Ƙarfe ba ya kwana a juji, haka dalma da gorar ruwa da fasasshen bokiti. Amma tekawe sai su tsallake ta kamar ba su gan ta ba, kuma suna da hujja. A kan sikeli ake sayen kayan bola, ita kuwa wannan roba fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta iska ce. Yaro zai cika buhu ya tarar bai kai nauyin da zai sai masa ruwan leda ba. Ga manja da miya da suka shige ta, masu narkar da roba ba sa so. Saboda haka kasuwar da ke kwashe sauran shara ba ta da hanyar kwashe wannan.

Makomarta biyu ce. Da damina ruwa ya ja ta ta toshe magudana, ko ta gangara Kubanni, daga can zuwa Galma, tana farfashewa ƙanana-ƙanana a kusa da fadamun da ake noman kayan miya, ba tare da ta ruɓe ba. Da rani kuwa a cinna wa juji wuta. Wanda ya san Tudun Wada a lokacin hunturu ya san baƙin hayaƙin nan na magariba da ke haɗuwa da hazo ya kwanta a kan rufin gidaje.

To, mece ce ita? Sunanta a kimiyyance folisitarin, ana kuma haɗa ta ne daga wani ruwan sinadari mai suna sitarin, wanda ake samu daga man fetur. A 2018 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta ɗaga matsayin sitarin zuwa rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa ga ɗan Adam. A nan ya kamata a yi adalci, domin na sha jin ana cewa duk wanda ya ci abinci a tekawe ya ci guba. Abin bai kai nan ba. Mafi yawan hujjar da ta shafi mutane ta fito ne daga ma’aikatan masana’antu masu shaƙar tururinsa shekara da shekaru. Sai dai tabbas ne cewa ɗan ragowar sinadarin da ke saura a jikin robar ya fi tsallakawa cikin abinci idan abincin na da zafi da maiƙo, wato dai irin shinkafa da miyar da muke zubawa. Ƙona ta a fili kuma na sakin sitarin ɗin da baƙin toka mai shiga huhu.

Tunda ba a iya kamo ta a juji, sai a koma inda aka haife ta. A masana’anta ana iya zuƙe ragowar sinadarin kafin a fitar da ƙwayar roba, a sa na’urar janye tururi domin ma’aikata, a niƙe ɓarɓashin da ya faɗi wajen yanka a mayar cikin inji. Akwai kuma injin da ke matse tekawe ya fitar da iskar har ta zama dunƙule mai nauyin da za a ɗora a sikeli. Wannan duk ba ilimin da ya fi ƙarfin Zariya ba ne. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, tana nan Basawa, Jami’ar Ahmadu Bello kuma tana da sashen da ke koyar da injiniyancin roba da saƙa a Samaru. Abin takaici ne a ce jujin Tudun Wada bai fi tafiyar mintoci daga ɗakunan gwajinsu ba, amma kamar ba a gari ɗaya suke ba.

Jihar Legas ta zaɓi gajeriyar hanya: a watan Janairun 2024 ta haramta wannan roba, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Hankali zai ba mutum cewa injin da aka riga aka kafa ba zai tsaya don an rufe masa kasuwa ɗaya ba, wata zai nema, Arewa kuwa ƙofarta a buɗe take. Ina ganin Jihar Kaduna ma ya kamata ta hana, amma ba da sanarwar dare ɗaya ba. Matar da ke sayar da abinci a bakin asibiti ba don ƙin tsafta ta zaɓi tekawe ba, don arha ne, kuma idan jami’an hukumar kare muhalli ta KEPA suka fara da ita, an bar jaki ana dukan taiki. A fara da manyan diloli da masu shigo da ita jihar, a ba su wa’adin watanni su karkata ga mazubin takarda ko roba mai kauri da ake wankewa, wadda ’yan jari bola ke saye in ta fashe.

Akwai kuma abin da ba ya jiran doka. Mahukuntan Kongo da na sauran makarantun da ke kewayen su ne ke ba masu abinci izinin zama a harabarsu, suna iya sa sharaɗin mazubi a cikin izinin. Limamai da masu unguwanni na iya yin magana a kan rabon abincin walima, inda ake zubar da ɗaruruwan tekawe a wuni guda. Masu abinci kuma su rage wa wanda ya zo da kwanonsa kuɗin robar, tunda dama a cikin farashin abincin yake biyan ta.