Ƙauyen da ruwa ke bugun ƙarfe

Ƴan uwa mata, a kudancin ƙasar Norbej, kusa da Stavanger, mun ga ƙauyen Kverneland. Gonakinsu duk duwatsu ne, har shinge suke yi da su. Nan ne a 1879 maƙeri Ole Gabriel Kverneland ya kafa ƴar maƙerarsa bakin rafi. Ƙarfin ruwa ke ɗaga guduma ta bugi ƙarfe, ba dantsen mutum ba. Da lauje ya fara, galma ta biyo baya, yau tarakta ke janta.

Abin da ya tsaya mana a rai: ruwa ba ya cin kuɗin gazuwal. Mu kuwa ribar injin niƙanmu a mai take ƙarewa. Rafi dai babu, amma rana ga ta; ranar zubi za mu tada maganar sola.